Dorugu

James Henry Dorugu (an haife shi wajen shekarar 1839, ya rasu a 1912) Bahaushe ne ɗan ƙasar Damagaram, matafiyi, tafinta kuma malamin makaranta. An kama shi bawa tun yana yaro, aka sayar da shi a ƙasar Barno, daga baya ya sami 'yanci ya shiga ayarin Heinrich Barth, Bajamushen nan mai yawon binciken ƙasashe wanda ake kira Abdulkarim. Tare da Barth ya ratsa Katsina da Sakkwato har Tumbuktu, ya ƙetare Sahara da Bahar Rum, ya isa Landan a shekarar 1855. A Ingila ya zauna wajen James Frederick Schön, kuma daga bakinsa aka ɗauki kaso mai yawa na Hausar da aka fara bugawa da haruffan boko. Labarin rayuwarsa da ya bayar da Hausa yana cikin tsofaffin dogayen rubutun zube da ake da su a harshen.

## Suna

Ana samun sunansa da rubutu iri-iri. Barth ya rubuta shi Dyrregu, Schön ya rubuta Dorugu, kuma wannan na biyun shi ya fi yaɗuwa a littattafan tarihin adabin Hausa. Sunayen James da Henry a Ingila ya same su bayan an yi masa baftisma.

## Farkon rayuwa

An haifi Dorugu a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da garin Kance, a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Kamar yadda ya faɗa a labarinsa, sunan mahaifinsa Adamu, mahaifiyarsa kuwa Kande. Mahaifin manomi ne kuma makaɗi, shi kuma yaron ya taso yana bin sa gona. Ya rasa mahaifiyarsa tun yana ƙarami.

Ƙasar da ya taso a ciki tana kan iyakar manyan dauloli ne. A gabas akwai Barno, wadda Sarkin Damagaram yake kai wa gaisuwa, a kudu akwai masarautun daular Sakkwato, a yamma kuma akwai Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri da suka ƙi bin Sakkwato. Ƙananan ƙauyukan da ke tsakani su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin kowane ɓangare yana iya kai musu hari ya kwashi mutane da dabbobi.

## Bauta

Yana da kimanin shekara 11 ko 12 mayaƙa suka auka wa yankinsu suka kama shi, aka raba shi da danginsa. An fara kai shi Damagaram, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno na lokacin, ƙarƙashin Shehu Umar. Ya sauya hannu daga wannan ubangida zuwa wancan kafin ya faɗa hannun wani Balarabe.

Irin harin da ya rutsa da shi sananne ne a tarihin wancan zamani. James Richardson, Baturen Ingila da ke shugabantar ayarin su Barth, ya sauka a Damagaram a farkon 1851, kuma ya rubuta yadda Sarki Ibrahim yake fita harin bayi a kan garuruwan da ke ƙarƙashin ikonsa don ya sami abin biyan bashin da fataken Larabawa ke bin sa. Bayin da aka kama ana sayar da wasu a kasuwannin Barno da ƙasar Hausa, wasu kuma a kora su ta hanyar Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus.

## Overweg da samun 'yanci

Gwamnatin Birtaniya ce ta aiko da ayarin Richardson, wanda ya taso daga Tarabulus a shekarar 1850. A cikinsa akwai Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Richardson ya rasu a Ngurutuwa a watan Maris na 1851 bai kai Kukawa ba, sai sauran biyun suka ci gaba da aikin. Overweg shi ne ya harhaɗa jirgin ruwan da suka ɗauko gunduwa-gunduwa bisa raƙuma daga bakin teku, ya shiga Tafkin Chadi da shi ya zaga tsibiran Buduma.

A Kukawa Dorugu ya fara yi wa Overweg hidima, musamman kula da raƙuma. Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega wanda ya ɗan girme shi. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Overweg, ya rasu a ƙauyen Maduwari a bakin tafkin ranar 27 ga Satumba, 1852, yana da shekara 30. Yaran biyu suka koma hannun Barth, wanda ya ɗauke su aiki a matsayin 'yantattun barori.

## Tafiyar Tumbuktu

### Daga Kukawa zuwa Katsina

Barth ya bar Kukawa a ƙarshen watan Nuwamba na 1852 ya nufi yamma. Ayarin ya yada zango a Damagaram, garin da aka fara kai Dorugu cikin bauta shekaru kaɗan kafin nan, sannan ya isa birnin Katsina a watan Fabrairun 1853, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Sun yi makonni a Katsina, Barth yana sayen tufafi da kayan kyauta, yana kuma jiran abokan tafiya, domin ba a bin hanyar Sakkwato sai da ayari mai ƙarfi. A ƙarshe suka tashi a watan Maris tare da Galadiman Sakkwato, wanda ya zo karɓar gaisuwar Katsina zuwa ga Sarkin Musulmi.

### Dajin yammacin Katsina

Miƙaƙƙiyar hanya daga Katsina zuwa Sakkwato ba ta biyuwa a lokacin saboda mayaƙan Gobir da Maraɗi. Saboda haka ayarin ya fara gangarawa kudu ta Kuraye da Kurfi, sannan ya karkata yamma zuwa Zakka, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Safana. Zakka gari ne mai ganuwa, kuma daga gare ta sai daji har a kai garuruwan Zamfara.

Wannan daji, wanda ɓangarensa ne ake kira Dajin Rugu a yau, ba tun asali yake kango ba. Yankin Ruma, inda ƙaramar hukumar Batsari take yanzu, yana da garuruwa da gonaki tun kafin jihadi. A shekarun 1840 aka yi ƙazamin yaƙi a nan tsakanin Sarkin Katsina Siddiƙu da Ɗan Mari na Maraɗi, wanda mutanen yankin da dama suka mara wa baya. Bayan an murƙushe boren garuruwa suka watse, itatuwa suka rufe kufayi, wurin ya koma maɓoyar mahara da masu tare fatake. Cikin irin wannan hali su Dorugu suka ratsa dajin suna sauri, ba sa son tsayawa, har suka ɓulla Bunka da Zurmi.

Gaba da nan kuma akwai dajin Gundumi, wanda ya fi na farko ban tsoro. Barth ya rubuta cewa sun yi tafiyar fiye da yini da kwana ba su sauke kaya ba, mutane da dabbobi suka galabaita da ƙishirwa. A farkon Afrilu suka iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu yana shirin fita yaƙi da Gobirawa.

### Sakkwato zuwa Tumbuktu

Bayan zama a Wurno da ziyarar Sakkwato, ayarin ya wuce Gwandu, inda Barth ya sami kwafin littafin Tarikh al-Sudan ya kwafi sassa daga ciki. Sun ƙetare kogin Kwara a garin Say a watan Yuni, suka ratsa ƙasar Gurma da Liptako da duwatsun Hombori, suka shiga Tumbuktu ranar 7 ga Satumba, 1853. A kashin ƙarshe na hanyar Barth ya ɓoye cewa shi Kirista ne, ya riƙa nuna kansa Balarabe, don haka tsirarsa ta dogara ga barorinsa su kama bakinsu.

Tumbuktu a lokacin kasuwa ce ta zinariya da gishiri. Zinariyar tana fitowa daga wuraren haƙa na Bambuk da Bure can yamma, ana auna ta da miskali, gishirin kuma daga Taudeni a tsakiyar hamada. Tufafin Kano ma suna da daraja ƙwarai a kasuwar. Sai dai baƙin ba su ga ta cin riba ba. Mahukuntan Hamdullahi na ƙasar Masina sun nemi a kori Barth ko a miƙa musu shi, Shehu Ahmad al-Bakkay na Kunta kuwa ya tsaya masa. Watanni da dama suka yi tsakanin gida a cikin birni da sansanin Shehun a bayan gari, ba su da ikon tafiya.

### Komowa

Sai a watan Mayu na 1854 suka sami kama hanya sosai. Sun bi gaɓar Kwara ta Gao suka dawo Say, sannan Gwandu da Sakkwato da Wurno, suka shiga Kano a watan Oktoba. Barth ya iso Kano hannu wayam, ga bashi, ga kuma labari ya bazu har Turai cewa ya mutu. Dole ya ci bashi da ruwa mai tsanani wajen fatake kafin su iya ci gaba. A kan hanyar Barno, cikin daji kusa da Bundi, suka yi kiciɓis da Eduard Vogel, wanda aka aiko daga Turai don ya ƙarfafa ayarin. Sun koma Kukawa a watan Disamba, shekara biyu bayan barinta.

## Sahara da teku

A watan Mayu na 1855 Barth ya bar Barno zuwa arewa, ya tafi da Dorugu da Abbega. Sun bi hanyar Bilma da Murzuk a tsakiyar bazara, suna yawan tafiyar dare saboda zafin rana. Ita ce hanyar da ake kora bayi zuwa Tarabulus, kuma matafiyan ƙarni na 19 da suka bi ta sun ba da labarin ƙasusuwan mutane da ke warwatse kusa da rijiyoyinta. Da Overweg bai fanshi Dorugu ba, mai yiwuwa ta nan ɗin za a bi da shi a ɗaure.

Sun isa Tarabulus a ƙarshen watan Agusta. A nan yaran suka shiga jirgin ruwa mai tafiya da tururi zuwa tsibirin Malta, daga can suka sake shiga wani zuwa Marseille a kudancin Faransa. Jirgin ƙasa ya kai su Paris, suka ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila, suka sauka Landan ranar 6 ga Satumba, 1855. Dorugu yana da kimanin shekara 16. Daga baya Barth ya tafi da su Hamburg, garinsu, suka ga danginsa. Hoton yaran biyu da aka zana yana cikin littafin tafiye-tafiyen Barth mai juzu'i biyar, wanda aka buga a 1857 da 1858.

## Zama a Ingila

### Haɗuwa da Schön

James Frederick Schön (1803–1889) Bajamushe ne ɗan mishan da ya yi aiki da ƙungiyar CMS a Saliyo. Ya shiga ayarin binciken kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, kuma a 1843 ya buga ƙaramin littafin kalmomin Hausa da ya tattara daga bakin 'yantattun bayi. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, ya zauna a Chatham yana limancin wani asibitin sojojin ruwa. Babbar matsalarsa ita ce rashin Bahaushen da zai riƙa ji daga bakinsa.

Barth ya shirya a mayar da yaran gida a farkon 1856, amma Schön ya shiga tsakani suka zauna a gidansa. Wannan ya ɓata wa Barth rai, kuma tsamin dangantakar bai gushe ba har ya bayyana a rubuce-rubucensu na harshe. An yi wa yaran baftisma, Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega. Shi Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864.

### Aikin harshe

Yadda suke aiki shi ne Dorugu ya yi ta magana, Schön yana rubutawa. Ta haka aka tara tatsuniyoyi, karin magana, labaran ƙasar Hausa da Barno, da kuma labarin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa. Ya koyi Turanci da karatu da rubutu, ya kuma taimaka wajen fassara sassan Littafi Mai Tsarki da aka buga a ƙarshen shekarun 1850. Manyan littattafan da suka fito daga wannan aiki su ne:

* littafin koyon karatu mai suna *Farawa Letafin Magana Hausa*, 1857
* nahawun Hausa, *Grammar of the Hausa Language*, 1862
* ƙamus, *Dictionary of the Hausa Language*, 1876
* *Magana Hausa*, 1885, wanda ya ƙunshi labarin rayuwar Dorugu da tatsuniyoyi

Duk da sunan Schön aka buga su. Shi aka ba lambar yabo ta Volney a Faransa a 1877, kuma Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Schön bai ɓoye cewa daga bakin Dorugu ya ɗauki labaran ba, amma a tsarin wallafa na wancan zamani mai ba da harshe ba ya shiga sahun marubuta.

### Yadda ya ga Turai

Ɓangaren labarinsa da aka fi karantawa shi ne inda yake bayanin Turawa. Littattafan tafiye-tafiye na lokacin kusan duk Bature ne ke kallon Afirka yana bayani, a nan kuwa yaro Bahaushe ne ke kallon Turai. Ya yi bayanin jirgin ruwa da jirgin ƙasa, da sanyin ƙasar, da tufafin mata, da yadda mutane ke taruwa suna kallonsu shi da Abbega. Ya kuma zayyana liyafar cin abincin dare a gidan masu hali dalla-dalla: yadda kowane namiji ke riƙo hannun mace zuwa tebur, yadda ake jera wuƙaƙe da cokula, yadda ake kawo abinci kashi-kashi, da yadda mata ke tashi su bar maza a zaune. Yana ba da labarin ne a natse, cikin gajerun jimloli irin na mai ba da labari da baka, ba tare da zuzutawa ko kushewa ba.

## Komawa gida da ƙarshen rayuwa

Dorugu ya koma Afirka ta Yamma a 1864. Ya yi shekaru yana aikin tafinta ga Turawa matafiya da 'yan kasuwa da jami'ai a yankin Kwara da Binuwai, sana'ar da masu jin Hausa da Turanci kaɗan ne ke iya yi a lokacin. A tsawon rayuwarsa ya ga ƙasar ta sauya hannu: daga zamanin da Barth ke neman izinin sarakuna kafin ya wuce, zuwa zamanin da sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato a 1903.

Da tsufa ya zo masa ya zauna a Kano. Hanns Vischer, wanda Hausawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909, kuma Dorugu yana cikin waɗanda suka koyar da karatu da rubutun boko a wurin. A Nasarawa ya rasu a shekarar 1912. Matar Vischer, Isabelle, ta ba da labarin rasuwarsa a littafinta na Faransanci game da zamanta a Arewa, wanda aka buga a 1917. Ta ce ya yi zaman talaka, amma da aka buɗe kayansa sai aka tarar da tarin tabarau da kayan Turai da ya adana shekara da shekaru, da kuma kuɗin zinariya da azurfa da bai taɓa ba.

## Muhimmancinsa ga nazarin Hausa

Kafin zamanin Dorugu an daɗe ana rubuta Hausa da ajami, amma akasarin abin da ya wanzu waƙoƙi ne na wa'azi da ilimin addini, masu bin ma'aunin waƙa kuma cike da kalmomin Larabci. Labarin Dorugu zube ne, maganar yau da kullum ta yaron ƙauye. Saboda haka masu nazarin tarihin harshe suna samun abin da waƙa ba ta bayarwa: ginin jimla na hira, yadda ake jera aukuwa a labari, da kalmomin gona, kasuwa da tafiya na tsakiyar ƙarni na 19, kafin kalmomin Turanci da Faransanci su kwararo cikin Hausa. Haka kuma harshensa na yankin Damagaram ne, don haka yana ba da damar kwatanta karin arewa da Hausar Kano wadda aka gina daidaitacciyar Hausa a kanta.

Rubutun yana da nasa rauni. Schön bai rarrabe baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ƙugiya ba, wato b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, kuma bai nuna karin sauti ba. Kalmomi irin su *kafa* da *ƙafa*, ko *daki* da *ɗaki*, sukan fito da kama ɗaya. Dole mai nazari ya yi hattara wajen gane abin da Dorugu ya faɗa da abin da kunnen Schön ya ji. Ƙoƙarin gyara wannan ya zo daga baya: Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, shekarar da Dorugu ya rasu, sannan aka tsayar da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930.

Charles Henry Robinson ya sake fitar da *Magana Hausa* a 1906. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka buga fassarar labarin Dorugu da Turanci tare da sharhi, a littafinsu *West African Travels and Adventures* na maɗaba'ar Jami'ar Yale. A cikin littafin sun haɗa shi da labarin rayuwar Maimaina na Jega, Sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne.

Ga masu tarihi kuma, labarin yana cikin 'yan ƙalilan da wanda aka kama bawa a tsakiyar Sudan ya bayar da bakinsa kuma da harshensa. Tafiyar da Barth ya rubuta a matsayin shugaban ayari, Dorugu ya ba da ita a matsayin yaron da ke jan raƙumi da ɗora kaya, kuma ana karanta su biyun gefe da gefe.

## Duba kuma

* Heinrich Barth
* Abbega
* James Frederick Schön
* Hanns Vischer
* Dajin Rugu
* Tarihin rubutun boko